Yadda Ake Haɗa Kyandir a Gida, Daga Narkar da Kaki Zuwa Gwajin Lagwani

Kyandir ɗin farko da na haɗa da hannuna ya ba ni kunya a gaban baƙi. Fakiti biyu na farin kyandir na sayo a shagon bakin layinmu, na kakkarya su cikin gwangwanin madara, na narkar, na juye a wani kofin gilashi mai faɗi, sannan na tsamo ɗaya daga cikin zaren da ke cikinsu na kafa a tsakiya. Da ya daskare sai ka rantse na kanti ne. Ranar da ƙawayena suka zo aka ɗauke wuta bayan magariba, na ɗauko shi ina yanga na kunna. Kafin a kira isha'i wutar ta haƙa wa kanta rijiya a tsakiyar kofin, ta nutse ciki tana ƙifta ido, can ta mutu. Kaki kuwa yana nan maƙil a gefe, ko gezau. Ɗaya daga cikinsu ta haska fitilar wayarta ta ce, "To Hajiya, kyandir dai mun gani, saura haske."

Lagwani ne ya kayar da ni. Zaren da aka yi wa siririn kyandir mai kaurin babban yatsa ba shi da ƙarfin narkar da kofi mai faɗin santimita 8. Narkar da kaki a juye, duk wadda ta iya dama koko za ta iya. Inda aikin yake shi ne daidaita abu uku, irin kakin da faɗin mazubin da kaurin lagwanin, kuma ba a gane an dace sai an kunna an zauna an kalla. Da mata nake magana a nan don su na fi gani a harkar, amma maza kada ku ce ba da ku ake ba.

Ki fara da sanin abin da ke ci da wuta. Zafi yana narkar da kakin da ke gindin lagwani, lagwanin ya zuƙo shi sama yadda na fitilar ƙwai ke zuƙo kananzir, a can sama ya zama tururi, tururin nan shi ke ci. Gwada ki gani: hure kyandir, ki yi maza ki kai ashana mai ci cikin farin hayaƙin da ke tashi, ɗan nesa da lagwanin. Wutar za ta bi hayaƙin ta sauko ta sake kama shi. Idan kin riƙe wannan, duk wata matsala da za ki gamu da ita nan gaba za ki iya gano kanta, domin ko dai lagwanin yana zuƙo fiye da abin da wutar za ta iya cinyewa, ko yana zuƙo ƙasa da haka.

Wane kaki

Uku ne za ki yi ta jin sunansu. Farafin shi ne na kyandir ɗin kanti, daga ɗanyen man fetur ake tace shi, kuma tun wajen shekarun 1850 da aka fara samar da shi da yawa a Birtaniya ya kori kitsen dabba daga wannan sana'a. Ya fi araha, yana karɓar kala, yana fitar da ƙamshi sosai. Ana samunsa wurin masu sayar da kayan haɗa sabulu da man shafawa, irin waɗanda ke kasuwar Sabon Gari a Kano ko kasuwar kemikal ta Ojota a Legas. Ki ce daskararren farafin kike so, fari mai kama da ƙanƙara, don akwai na ruwa da ake sa wa basilin, kada a auna miki shi. A wurinsu kuma za ki samu sitiyarik asid, wani farin gari mai ɓarzo-ɓarzo da ke ƙara wa farafin tauri.

Kakin zuma shi ne na gado. Yana narkewa a digiri 62 zuwa 64, ya daɗe yana ci, ga ƙamshin zumarsa ba sai an sa masa turare ba. Yana da tsada idan tatacce za ki saya, kuma yana son lagwani mai kauri fiye da na farafin.

Na uku shi ne kakin waken suya, wanda aka ƙirƙiro a Amurka cikin shekarun 1990. Shi za ki ga ana ta yabo a bidiyoyin YouTube da Instagram. Ni dai shawarata kada ki fara da shi. Masu yabon nan yawancinsu a ƙasashen sanyi suke, shi kuwa laushi gare shi, wani nau'insa tun wajen digiri 50 yake narkewa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura 40 a inuwa, kyandir ɗin waken suya gumi yake yi, turaren ya tsattsafo sama kamar raɓa, in kuwa aka manta shi a mota da rana sai dai a tarar da kunu. Ga tsada, tunda shigo da shi ake yi. Farafin da kakin zuma su suka san ƙasarmu.

Idan ba ki son kashe kuɗi tukuna, ki yi yadda na yi, ki narkar da kyandir ɗin kanti ko guntayen da suka rage a gida. Zarensu kawai za ki tsame ki zubar.

Kayan aiki

Rabinsu suna kicin ɗinki. Tsohuwar tukunya, babban gwangwanin madara ko na tumatir da aka wanke aka busar, aka ɗan matse bakinsa da filaya ya yi tsini don zubawa, sai tsinken tsire, almakashi, tsofaffin jaridu, da abin maƙale shanya. Duk abin da ya taɓa kaki da turare ya bar harkar abinci ke nan, don haka kada ki ɗauki tukunyar da kike ji da ita.

Abu biyu ne nake cewa a saya ko da ba a so: ƙaramin sikeli mai auna giram, da ma'aunin zafi irin na masu yin kek da alawa, mai sanda da ake tsomawa. Na yi wata uku ina aiki da ido da cokali, yau ya yi kyau gobe ya ɓaci, ban san dalili ba. Sai kuma littafin rubutu na 'yan makaranta, wanda za ki ga amfaninsa can gaba.

Mazubi na son a kula. Kwalbar jam ko ta Bama mai kauri, kofin shayi na tangaran, ko gwangwani mai murfi, duk sun yi. Gilashi mai siranta ko mai tsaga, a'a. Roba, a'a. Akwai kuma biyu da ke jan hankalin mutanenmu saboda kyansu, ƙaramar ƙwarya da kaskon turaren wuta. Ƙwarya itace ce, wuta za ta ci ta. Kasko kuwa da ba a yi masa shafen tangaran ba yana shan kaki har ya jiƙe, ranar da wuta ta taɓa bakinsa sai dukansa ya zama lagwani. In kina son adon ƙwarya, ki zuba a kwalba, ki ajiye ƙwaryar a gefe tana taya ta kyau. Don farawa ki nemi kwalabe uku iri ɗaya, masu miƙaƙƙen jiki, faɗin bakinsu santimita 6 zuwa 7.

Lagwani

Ana sayar da shiryayye, an riga an jiƙa shi da kaki an maƙala masa ɗan ƙarfe a gindi, kuma masu sayarwa kan faɗi faɗin mazubin da ya dace da kowace lamba. In kin samu, ki sayi lamba uku masu bin juna. Ki duba tsakiyarsa: idan akwai waya a ciki, ki goga ta a farar takarda, in ta bar layi kamar na fensir to dalma ce, ki jefar. Amurka ta haramta lagwani mai dalma tun 2003 saboda hayaƙinsa guba ne, musamman ga yara.

In ba ki samu na saye ba, zaren auduga zalla za ki nema, irin abawa ko farin zaren saƙa mai kauri. Mai shago zai ce miki auduga ne ko da ba ita ba ce, don haka ki gutsuro kaɗan ki ƙona. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Zaren roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi baƙin ƙwallo mai tauri, da wari. Wannan ba ya zuƙar kaki.

Kada ki murza zaren kamar igiya, ki kitsa shi gida uku kamar kalaba. Wannan dabara a Faransa aka fito da ita cikin shekarun 1820, kuma ita ta hutar da mutane. Kafin nan lagwani murzajje ne, yana tsayawa ƙiƙam a tsakiyar wuta yana tara gawayi, dole wani ya riƙa bin sa da almakashi duk bayan ɗan lokaci. Kitsattse kuwa yana lanƙwasa kansa zuwa gefen harshen wutar, inda iska take kuma zafi ya fi, sai bakinsa ya riƙa cinye kansa. Ki yi kitso uku masu kauri daban-daban: na farko sili 2 a kowane gida, na biyu sili 3, na uku sili 4. Kitson ya yi tsauri daidai, ba wanda zai hana kaki hawa ba, ba kuma sako-sako ba.

Daga nan sai ki tsoma su cikin narkakken kaki. Za ki ga ƙananan kumfa suna tasowa, iskar da ke cikin zaren ce ke fita. Da kumfar ta tsaya ki ciro, ki ja shi ya miƙe, ki shimfiɗa kan jarida ya sandare. Ƙarfen gindi kuwa, ki yanko ɗan murabba'i kamar faɗin farcen babban yatsa daga gwangwanin lemo, ki huda tsakiyarsa da ƙusa, ki zura lagwanin ki matse da filaya. Shi ke hana lagwani faɗuwa idan kaki ya narke har ƙasa.

Lissafi kaɗan

Ki ɗora kwalbar a sikeli, ki mayar da shi sifili, ki zuba ruwa har inda kike son kaki ya tsaya, ki bar kamar santimita 1 da rabi daga baki. A ce ruwan ya ba ki giram 200. Kaki ya fi ruwa rashin nauyi, don haka ki ninka da 0.9, ya zama giram 180. Wannan shi ne nauyin kaki da turare a haɗe. Turare kashi 6 cikin 100 na nauyin kakin ya wadatar wa mai farawa, wato kaki giram 170, turare giram 10. Kwalba uku ke nan giram 510 na kaki da 30 na turare, sai ki ƙara kamar giram 50 na kaki da giram 3 na turare don cikon da za a yi daga baya. Ki zubar da ruwan, ki goge kwalaben, ki shanya su a rana su bushe ƙayau. Ɗigon ruwa ɗaya a ƙasan kwalba ya isa ya sa kyandir ya riƙa tartsatsi.

Farafin zalla a kwalba yana tsukewa ya janye daga jikin gilashi. In abin ya dame ki, ki musanya kashi 10 cikin 100 na kakin da man kwakwa, zai yi laushi ya kama gilashin. Da bazara ni ba na sawa, zafin gari ya ishe shi laushi.

Narkarwa da zubawa

Ki shimfiɗa jarida a inda za ki yi aiki, ki kori yara, ki ajiye murfin tukunya da ɗan bokitin yashi kusa da hannunki. Ki maƙala ƙarfen gindin kowane lagwani a tsakiyar ƙasan kwalba da ɗigon gam, ki gitta tsinke biyu a bakin kwalbar su riƙe lagwanin a tsaye, ko ki yi amfani da abin maƙale shanya. Ki rubuta 2, 3, 4 a ƙasan kwalaben don ki san wane kitso ke cikin wace.

Kaki ba a ɗora shi kan wuta kai tsaye. Ruwa za ki zuba a tukunya kamar tsawon yatsa, ki saka gwangwanin kakin a ciki, wuta ta dafa ruwa, ruwa ya narkar da kaki. Hikimar ita ce ruwa ba ya wuce digiri 100 komai wutar da aka ba shi, shi kuwa kaki sai ya doshi 200 tururinsa ke kamawa. A kan wuta tsirara yana iya kaiwa can ba tare da ya tafasa ya gargaɗe ki ba, sai dai ki ga hayaƙi, sai wuta. Idan hakan ta taɓa faruwa, Allah ya kiyaye, ki kashe risho ki kife murfi a kai ko ki zuba yashi. Kada ki kuskura ki watsa ruwa, tashi zai yi ya fantsama kamar man suya. Gas ko risho sun fi kurfoti sauƙin sarrafawa, amma gawayin da ya riga ya ruru ya lafa shi ma yana yi.

Ki yanyanka kakin ƙanana don ya yi saurin narkewa, ki bar ruwan yana ɓararraka a hankali, kina dubawa kada ya ƙone ƙarƙaf. Kada ki tafi amsa sallama ki bar shi. Idan ya narke tas ya zama kamar ruwa, ki tsoma ma'auni, ki bari ya kai 80 zuwa 85, sannan ki sauke.

Yanzu ne lokacin kala, in kina so. Kalar kyandir ta musamman ce, mai narkewa a mai. Kalar abinci da muke sa wa kek ko zoɓo ta ruwa ce, za ta taru a ƙasa ɗigo-ɗigo ta ƙi haɗuwa. Kalar zanen yara mai kama da kyandir tana ba da launi mai kyau a ido, amma garin da ke cikinta yana toshe lagwani, wutar ta yi ta shaƙewa. Ki sa kala kaɗan-kaɗan, ki ɗiga a farin faranti ki ga yadda za ta fito, domin narkakken kaki ya fi daskararre duhu. A zubin gwaji na farko ma gara ki bar shi fari.

Turare shi ne inda muke da gata, shi ne kuma inda muke yawan ɓata aiki. Humra da turaren fesawa ba sa shiga kyandir, akwai ruwa ko sinadari mai saurin kama wuta a cikinsu. Turaren mai ake so, kuma ko shi ba kowanne ba, don wasu an sirka su da abin da ba ya haɗuwa da kaki. Kafin ki juye kwalba guda ki yi asara, ki ɗebi narkakken kaki a cokali ki ɗiga turaren. In ya ɓace a ciki, ya yi. In ya kwanta a ƙasa kamar ƙwayar ido, ki ajiye shi don jikinki. Sandal da miski da ambar sun fi daɗewa, masu ƙamshin lemo suna saurin gudu. Ki zuba turaren lokacin da kakin yake wajen 80, ki juya a hankali minti 2 cur, da agogo. Kada ki ce bari in ƙara don ya fi ƙamshi. Kaki yana da iyakar abin da zai riƙe, in aka haura kashi 10 sauran zai tsattsafo sama, ya sa hayaƙi, wani lokaci ma saman kyandir ɗin gaba ɗaya ya kama. Haka nan kanumfari da kirfa da busasshen fure da ake yaryaɗawa a sama don hoto, itace ne a bakin wuta, ki bar su. Masu sa man sitronela, wato man wata ciyawa mai ƙamshin lemo, don sauro kuma, yana ɗan taimakawa a kusa, amma bai kai ya sa a naɗe gidan sauro ba.

Ki bari ya sauko zuwa 70 ko 75, sannan ki zuba a hankali ta gefe, siriri kamar mai tsiyaya man gyaɗa a kwalba, don kada iska ta shiga. Kwalbar ta kasance da ɗumi, wadda ta sha rana ta fi. Ki rage ɗan kaki a gwangwani. Ki duba lagwani yana tsakiya, ki gyara shi yanzu, don anjima ba dama.

Gwangwani da cokali ki goge su da jarida tun suna da zafi. Ruwan tukunyar ki bari ya huce ki kwashe ɓawon kakin da ya taso, kada ki juye a magudanar wanke-wanke, zai daskare ya toshe ta.

Jira

Ki bar su inda suke, kada ki ɗaga, kada ki sa a firji, kada ki kunna musu fanka. Kakin da ya huce da gaggawa tsagewa yake yi. Da hunturu abin ya fi tsanani, ga sanyin asuba ga ƙura, sai ki wayi gari saman kyandir ya yi ja kamar an barbaɗa masa garin bulo. Ki kife musu kwali babba, ya tsare ƙura ya kuma riƙe ɗumi.

Bayan awa 3 ko 4 za ki ga tsakiya ya lotsa kewaye da lagwani. Kada ranki ya ɓaci, halin farafin ne, yana tsukewa in ya huce. Ki soka tsinke sau uku ko huɗu kusa da lagwanin don ki fasa ramin da ke ɓoye a ciki, ki sake narkar da ragowar nan, ki zuba ya cike ramukan ya rufe sama da ɗan siririn shafe. Washegari ki datse lagwani ya rage milimita 5 ko 6. Farafin a ba shi kwana 2 ko 3 kafin a kunna, waken suya sati 1 zuwa 2, don ƙamshi ya zauna.

Gwajin da ke raba gardama

Ki zaɓi yammacin da ba ki da fita. Ki jera kwalaben uku a kan tire na ƙarfe, da tazarar tafin hannu tsakaninsu, nesa da labule da taga da fanka. Ki kunna su lokaci ɗaya, ki rubuta lokacin, ki riƙa leƙawa duk bayan rabin awa. Abin da ake bi shi ne kowane santimita 2 da rabi na faɗin kwalba yana son kamar awa 1, don haka kwalbar santimita 7 tana bukatar kusan awa 3 kafin narkakken kaki ya taɓa gilashi ta ko'ina.

Wanda lagwaninsa ya yi ƙanƙanta za ki gan shi da 'yar wuta ƙarama, tafkin kakin ya tsaya a tsakiya ya bar ganuwa a gefe, irin nawa na ranar baƙi. Wanda ya yi yawa kuwa harshensa dogo ne, yana rawa, yana tofar da baƙin hayaƙi, bakin kwalbar ya yi kunkunniya, kan lagwanin ya tara baƙin dunƙule, gilashin ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Wannan ya fi na farko haɗari, don shi ke fasa kwalba. Wanda ya dace harshensa kamar santimita 2 zuwa 3 ne, a tsaye cak, tafkinsa ya kai gefe ko ya kusa, zurfinsa bai wuce santimita 1 ba.

A awa 4 ki kashe duka. Maimakon hurawa, ki tura lagwanin cikin narkakken kakin da tsinke ki sake miƙar da shi, ba hayaƙi ba wari. Gobe ki datse ki sake kunnawa, jibi ma haka, har ya rage santimita 1 a ƙasa, nan ake tsayawa. Dalilin bin sa har ƙasa shi ne kwalba tana tara zafi yayin da wuta ke nutsewa cikinta. Lagwanin da ya yi daidai a sama yakan zama ya yi yawa a rabi. Saboda haka in a kunnin farko ya bar ɗan siririn kaki a jikin gilashi, kada ki yi saurin yanke masa hukunci, sau da yawa shi ne gwanin.

Duk ki rubuta: irin kaki da inda kika saya, giram nawa, wane turare kashi nawa, zafin da kika zuba, sili nawa a kitso, watan da ake ciki, da abin da kika gani. In za ki canza, abu ɗaya za ki canza a kowane zubi. Sabon turare ko kala mai duhu kaɗai na iya sa lagwanin jiya ya gaza yau. In faɗin kwalba ya haura santimita 9 ko 10, lagwani biyu matsakaita sun fi ɗaya ƙato.

In kin samu saƙar zuma

Wani dattijo da ke kawo mana zuma daga ƙauye na taɓa tambaya me yake yi da saƙar bayan ya matse. Ya ce, "Zubarwa muke yi, 'yata, ko yara su tauna." Na ce, "Baba, don Allah in za ka dawo ka taho mini da ita, zan saya." Ya yi dariya har da tafa hannu, amma ya kawo rabin buhu, baƙa-baƙa, da matattun ƙudan zuma da ɓawon amya a ciki. Ana ƙiyasin sai ƙudan zuma sun sha kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin su samar da kilo 1 na kaki, ga shi ana watsarwa a bola.

Tace shi ba wuya, sai dai ɓata wuri. Ki wanke saƙar da ruwan sanyi ragowar zumar ta fita. Ki ƙulle ta a tsohon yadi mai shara-shara, ki saka a tukunyar silba ko ta samira da ruwa mai yawa, ki danne ƙullin da dutse mai tsabta. Tukunyar baƙin ƙarfe tana baƙanta kaki. Ruwan sama ya fi na rijiya, don ruwa mai gishiri-gishiri yana sa ƙasan kakin ya yi ɓurɓushi. Ki ba shi wuta kaɗan, kada ya tafasa da ƙarfi, zafin da ya wuce 85 yana dusar da launinsa, kuma in ya tafaso ya zubo kan wuta zai kama. Kakin zai ratso yadin ya taso sama kamar man shanu. Ki matse ƙullin da muciya, ki cire, ki rufe tukunyar ki bar ta ta kwana. Da safe za ki ɗago faifan kaki rawaya, ki kankare dattin ƙasansa da wuƙa, ki sake narkarwa a gwangwani cikin ruwa ki tace da yadi mai tsabta. Wannan aiki da dare ake yinsa ko a ɗaki mai raga a taga. Na yi shi sau ɗaya da hantsi a tsakar gida, kafin in ankara ƙudan zumar unguwa sun sauka a kaina, sai da muka kulle kanmu a ɗaki har la'asar.

A kwalba, kakin zuma zalla yakan tsage ko ya haƙa rami saboda taurinsa. Ki haɗa kashi 4 nasa da kashi 1 na man kwakwa, ki zuba a wajen 70, ki fara gwaji da kitso mafi kauri.

Mai tsayawa da ƙafarsa

Sai kin ga bayan kwalba uku ko shida sannan ki taɓa wannan. A nan ne sitiyarik asid ke aiki: giram 10 a kowane giram 100 na farafin. Yana sa kyandir ya yi fari ya yi tauri, ya saki mazubi da sauƙi, kuma ya rage lanƙwashewar nan da kyandir ke yi da bazara har ya sunkuya kamar mai ruku'u. Man kwakwa ba ya shiga nan sam.

Mazubi mafi sauƙi shi ne ƙaramin kwalin lemo ko na madarar ruwa. Ki yanke samansa, ki wanke ki busar, ki huda tsakiyar ƙasansa, ki zura lagwani ki toshe hudar ta waje da ƙullin zare da salatif mai yawa, ki ɗaure ɗaya bakin a tsinke ki gitta a sama, zaren ya miƙe tsam. Ki tsayar da kwalin cikin kwano mai yashi, yashin ya tallafe shi kada cikinsa ya buɗe, ya kuma tare abin da zai yoyo. Ki fara zuba kaɗan kamar kaurin yatsa ki ga ko hudar ta riƙe, sannan ki cika. Za ki yi ciko sau ɗaya ko biyu, don ramin wannan ya fi na kwalba zurfi. Bayan kwana ɗaya ki yanke ƙullin ƙasa, ki yage kwalin. Ƙasan kwalin shi ne saman kyandir, don ya fi santsi. Ɗaya gefen, in bai zauna daidai ba, ki ɗumama tsohon faranti na ƙarfe ki goga gindin a kai sau biyu ko uku har ya daidaita. Shi wannan lagwaninsa ana so ya ɗan gaza kai wa gefe, ya bar ganuwa kamar rabin santimita, in ba haka ba kakin zai ɓalle ya kwarara kan tebur.